Dakta Bala Usman: Masanin Tarihi Ne ko Ɗan Gwagwarmaya?

Tun da Dakta Yusufu Bala Usman ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, sunansa bai daina fitowa a bakin 'yan Arewa ba. Sai dai kowa da Balan da ya sani. Wani zai ce ɗan sarauta ne da ya juya wa gidansu baya. Wani ya ce ɗan gurguzu ne mai zuga ɗalibai. Ɗan jam'iyyar PRP na da can zai tuna sakataren gwamnatin Balarabe Musa. A shafukan sada zumunta kuwa, inda ake musayar zafafan kalamai kan Hausa da Fulani, kowane ɓangare yana jawo sunansa don ya kafa hujja, alhali da yawa daga masu jawowar ba su taɓa buɗe littafinsa ko ɗaya ba.

Ruɗanin ya samo asali ne daga raba mutumin gida biyu, wato malamin tarihi daban, ɗan siyasa daban. Wanda ya bi rubuce-rubucensa a tsanake zai ga hanya ɗaya ce ya bi a fagagen biyu: kada a karɓi labari sai an tambayi wanda ya kawo shi da abin da yake nema, kuma kada a yarda sunan ƙabila ko na addini ya maye gurbin bayani.

Wasu kalmomi da ya kamata a warware

Tarihi a wurin masana irinsa ya wuce jerin sunayen sarakuna da shekarun da kowa ya yi a kan gado. Bincike ne kan yadda al'umma ta kafu, yadda take ci da sha, wa ke mulki, wa ke biyan haraji, da dalilin da ya sa tsari ke rushewa wani ya taso.

Madogara ita ce duk abin da mai bincike ke jingina da shi: rubutun Larabci ko ajami, wasiƙun sarakuna, rahoton Baturen mulki, labarin baka daga dattawa da makaɗan fada, har da kufai da ganuwa. Tsarin sarauta kuwa, kamar yadda ya yi amfani da kalmar, shi ne salon mulkin ƙasar Hausa kafin jihadi, inda sarki ke zaune a birni, masu sarauta na kewaye da shi, garuruwa da ƙauyuka na ƙarƙashinsu. Jari-hujja tsari ne da masu jari ke mallakar hanyoyin samar da dukiya. Gurguzu kishiyarsa ne, yana neman dukiyar ƙasa ta zama ta jama'a. IMF kuma shi ne Asusun Ba da Lamuni na Duniya, mai hedikwata a Amurka, wanda ke ba ƙasashe rance bisa sharuɗɗa.

Daga Musawa zuwa Samaru

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1945. Mahaifinsa Durɓin Katsina ne, ɗan Sarki Muhammadu Dikko, ɗan'uwan Sarki Usman Nagogo. Mahaifiyarsa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, ya wuce Ingila inda ya yi digiri a Jami'ar Lankasta, ya dawo a 1967 ya kama koyarwa a Kwalejin Barewa.

Abin da ya saita alƙiblarsa shi ne haɗuwa da Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Smith ya tara matasa ya raba musu ƙasashe, kowa ya je ya tono tarihin yanki guda daga tushe. Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa a Afirka ta Yamma. Mahmud Modibbo Tukur ya ɗauki yadda Turawa suka ci Arewa suka shimfiɗa mulkinsu. Garba Nadama ya ɗauki Zamfara, ya kammala kundinsa kan tasowar daular da faɗuwarta a 1977. Bala ya ɗauki Katsina, ya sami digirin dakta a 1974. Waɗannan ne ake kira mazhabar tarihi ta Zariya.

Littafin Katsina, da abin da ya shafi Zamfara a ciki

Kundin nan ne Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, 1400–1883, wato sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta shiga cikin kusan shekara 500. Shi ne ginshiƙin duk aikinsa, kuma shi ne mafi ƙarancin masu karatu cikin masu ambaton sunansa.

Kafin wannan lokaci, labarin da Turawan mulki suka shimfiɗa, littattafan makaranta kuma suka ɗauka, gajere ne. Bayajidda ya zo daga gabas, ya kashe macijiya a Daura, jikokinsa suka kafa Hausa Bakwai. Sauran ƙasashe, har da Zamfara da Kabi, aka sa su cikin Banza Bakwai. Bayan ƙarnoni sai Fulani suka zo suka ƙwace mulki daga Haɓe, daga baya Turawa suka ƙwace daga Fulani. Ke nan duk wani sauyi sai baƙo ya kawo shi, kuma duk rikici na ƙabila ne.

Smith ya fara taɓa wannan gini a wata maƙala ta 1970 kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. Bala ya bi ta kansa da hujjojin Katsina. Ya nuna cewa kafin Birnin Katsina ya zama cibiya a zamanin Muhammadu Korau, cikin ƙarni na 15, akwai tsofaffin garuruwa masu ikon kansu, irin su Durɓi ta Kusheyi da Kwatarkwashi da 'Yandoto. Haɗuwar noma da ƙira da fatauci da hijirar mutane iri-iri ce ta haifi daular. Katsinawa kuwa, a bayaninsa, ba zuriyar kaka ɗaya ba ne. Mutanen ƙasa ɗaya ne da zama ya haɗa, cikinsu akwai masu asalin Wangarawa da Barebari da Azbinawa da Fulani.

Game da jihadi, hujjarsa ita ce tsarin sarauta ya ginu ne kan daidaito tsakanin Musulunci da tsohuwar bautar iskoki da fada ke riƙe da ita. Da garuruwa suka bunƙasa, malamai da fatake suka yawaita, haraji da jangali suka yi nauyi, sai daidaiton ya kasa ɗaukar al'ummar da shi kansa ya haifar. Masu jihadi a Katsina, irin su Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, sun fito ne daga cikin wannan tsamin dangantaka. Rabuwar da aka yi ba ta bi layin ƙabila sak ba.

Mutumin Zamfara ba ya buƙatar tafiya nesa don ya gwada wannan magana. 'Yandoto, wadda ke ƙasar Tsafe a yau, gari ne na manyan malamai, amma malamanta sun ƙi bin jama'ar Shehu Usmanu har Muhammadu Bello ya yaƙe ta. Malamai ne a ɓangarorin biyu. A ɗaya gefen, Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara, ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun, tun kafin a fara yaƙi a 1804. Zamfarawa da yawa sun karɓe shi, domin Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari sun riga sun rusa Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 sun gina Alƙalawa a ƙasarsu. Sarakunan Mafara da na Burmin Bakura suna cikin waɗanda suka mara wa jama'ar Shehu baya da farko. Da yunwa ta matsa, rundunar jama'a ta shiga neman abinci a ƙauyuka, dangantaka ta yi tsami, wasu Zamfarawan suka juya baya. Wanda ya taƙaita wannan duka da cewa yaƙin Hausa da Fulani ne, ya zubar da Gobir, ya zubar da yunwa, ya zubar da 'Yandoto.

Tambayar madogara

Abu na biyu da ya bar wa ɗalibai shi ne tsananin bincikar mai ba da labari. Misalin da aka fi sani shi ne nazarin da ya yi wa Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da ya shiga Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Masana da yawa sun ɗauki rubutun Barth tamkar yankan wuƙa, tunda ya gani da idonsa. Bala ya tambaya: kwana nawa ya yi, wa ya yi masa tafinta, da wa ya zauna, me gwamnatin Ingila da ta aiko shi take so, wane tunani kan launin fata ya taho da shi daga Turai? Bai ce a jefar da Barth ba. Cewa ya yi a auna shi kamar yadda ake auna labarin makaɗin fada, wanda kowa ya san yana da ubangida.

Haka ya yi wa M. G. Smith, marubucin Government in Zazzau na 1960, wanda ya gina bayaninsa kan rabon Haɓe da Fulani. Waɗannan maƙalu da wasunsu an tattara su a Beyond Fairy Tales, wanda ya fito a 2006 bayan rasuwarsa. Ya kuma shirya Studies in the History of the Sokoto Caliphate a 1979, tarin takardun taron ƙara wa juna sani da aka yi a Sakkwato a 1975, sannan shi da Nur Alkali suka shirya makamancinsa kan Barno a 1983.

Fita daga aji zuwa fage

A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sa shi cikin kwamitin mutum 49 da ya tsara daftarin kundin tsarin mulki, ƙarƙashin Rotimi Williams. Shi da Dakta Segun Osoba, masanin tarihi daga Jami'ar Ife, suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu a 1976. Babban saɓaninsu shi ne haƙƙin ilimi da lafiya da aikin yi. Masu rinjaye sun sa su a matsayin manufofin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansu, su kuma suka nemi su zama haƙƙin da talaka zai iya ƙara a kai. Gwamnatin soja ta ajiye rahoton a gefe. Sai a 2019 aka buga shi ya shiga hannun jama'a sosai.

Laccocinsa na waɗannan shekaru ne suka zama For the Liberation of Nigeria, wanda aka buga a Landan a 1979. A shekarar ce PRP ta ci Kaduna da Kano, ya zama sakataren gwamnatin Jihar Kaduna, ya riƙe muƙamin har bayan da majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981.

A nan ma hanyarsa ta ratsa ƙasar Mafara. A watan Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da suka tare hanyoyin aikin madatsar ruwa ta Bakalori, suna neman diyyar gonakin da aka karɓe. Gwamnati ta ba da adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin da 'yan adawa suka ce ɗaruruwa ne, kuma har yau ba a daidaita kan lissafi ɗaya ba. Littafin Political Repression in Nigeria da ya shirya a 1982, bayan kisan Dakta Bala Muhammad a tarzomar Kano ta Yulin 1981, tarin takardu ne kan danniyar waɗannan shekaru, kuma masu nazarin Bakalori suna komawa gare shi. Abin lura a gefe: a lokacin, abokin karatunsa Garba Nadama shi ne mataimakin gwamnan Jihar Sakkwato a NPN, kafin ya gaji Shehu Kangiwa. Sashe ɗaya ya yaye su, siyasa ta ajiye su a sansani biyu. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa mazhabar Zariya ba jam'iyya ba ce.

A zamanin Babangida ya fitar da littattafai biyu da suka fi yawo. Nigeria Against the IMF na 1986 ya soki karya darajar naira da janye tallafi da sayar da kamfanonin gwamnati, ya kawo shawarar a gina tattalin arziki kan kasuwar cikin gida, manomi ya noma abin da masana'antar gida za ta sarrafa. The Manipulation of Religion in Nigeria na 1987 kuwa ya faro ne daga laccar da ya yi a 1977, ana tsakiyar muhawarar Shari'a a majalisar tsara kundin mulki, ya bi ta kan rikicin Maitatsine har zuwa na Kafanchan. Hujjarsa ita ce wasu 'yan tsiraru masu cin moriyar dillanci tsakanin dukiyar ƙasa da kamfanonin waje suna fakewa da addini don kada talakan Musulmi da na Kirista su gane abin da ya haɗa su. Shi da abokansa sun kuma fitar da mujallar The Analyst, da 'yar'uwarta ta Hausa, Fitila. A 1989 gwamnati ta kore shi daga jami'a, kotu ta mayar da shi.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta zo masa daga kusurwa uku, kuma ba duka ne na ƙiyayya ba.

Ta farko daga 'yan'uwansa masu ra'ayin gurguzu. A muhawarar da suka yi da Yusuf Bangura a tsakiyar shekarun 1980, Bangura ya ga Bala ya cika ɗora laifin durƙushewar tattalin arziki kan 'yan kwangila da dillalai da sata, alhali matsalar tana cikin tsarin jari-hujja kansa. Abin dariya, mutumin da gwamnati ke kira ɗan gurguzu, 'yan gurguzu na ganin bai cika ba.

Ta biyu kan addini. Malamai da wasu masana sun ce bayanin fakewa da addini yana mayar da talaka kamar wanda ba shi da ra'ayin kansa, sai abin da aka cusa masa. Mutumin da ya fito neman Shari'a a Gusau a 1999 yana iya kasancewa ya gaji ne da kotun da ba ta yi masa adalci, ba don wani attajiri ya tura shi ba. Wannan suka tana da nauyi. Littafin ya fi ƙarfi wajen nuna wanda ke cin riba idan rikici ya tashi, ya fi rauni wajen bayyana dalilin da ya sa mai imani ke amsa kira.

Ta uku ita ce mafi zafi. A 2000, shi da Alkasum Abba suka fitar da The Misrepresentation of Nigeria daga cibiyar CEDDERT da ke Zariya, martani ga masu neman a kira taron ƙabilu don a sake tattauna zaman Najeriya. Suka ce manyan ƙabilun da ake magana a kansu, Hausa da Yarbawa da Ibo da sauransu, a sigarsu ta yau ba su girmi Najeriya da wani abin kirki ba, tare suka ginu da ita. Suka ƙara da cewa ƙasar da man fetur ke kwance a ciki a yankin Neja Delta ta taru ne daga laka da kogunan Neja da Binuwai suka kwaso daga nesa, don haka ba wanda zai ce nasa ne shi kaɗai. Farfesa Peter Ekeh, masani ɗan Urhobo, ya mayar da martani mai kaushi a 2001, yana zarginsa da amfani da tarihi don kare moriyar Arewa. Batun ƙabilu yana da hujjoji masu ƙarfi a bayansa. Batun laka kuwa, ko da ilimin ƙasa ya gaskata shi, bai amsa kukan wanda malalar mai ta kashe masa kifi ba, kuma ya ba abokan hamayya sandar dukansa.

Sai dai zargin cewa ɗan kare Arewa ne yana da wuyar tsayawa. Mutumin da ya fi kowa sukar manyan Arewa a rubuce, ya yi aiki a gwamnatin da ta soke haraji da jangali a Kaduna, kuma ya rubuta daftarin tsarin mulki tare da Bayarabe, ma'auni ɗaya ya riƙe wa kowa. Abin da ya faɗa wa mutanen Delta a 2000 shi ya faɗa wa Katsinawa a 1974.

Tasirinsa a yau

A jami'o'in Arewa, daga Zariya zuwa Sakkwato da Kano da Gusau, da wuya a rubuta kundin tarihin wata masarauta ba a ambaci littafin Katsina ba. Wannan nasara ce, amma tana da illarta: wasu ɗalibai sun haddace sakamakonsa sun bar hanyarsa, suna karɓar maganarsa ba tambaya, abin da shi bai yi wa Barth ba.

A wajen jami'a lamarin ya sha bamban. Rikicin da ya addabi Zamfara fiye da shekara 10, wanda ya kai ga sace ɗalibai mata a Jangebe a Fabrairun 2021, ana ƙara ba da labarinsa da harshen ƙabila zalla, har ana komawa 1804 don neman asalinsa. Ba wanda zai iya cewa ga abin da Bala zai faɗa da yana raye. Amma tambayoyin da ya saba yi a bayyane suke, kuma manomin Mafara ko makiyayin dajin Maradun zai iya amsa wasunsu fiye da farfesa: wa ya raba burtali da makiyaya ya mayar gonaki, wa ke sayen shanun sata, ta ina bindiga ke shigowa, wa ke haƙar zinariya, wa ya ci tarar da alƙali da ɗan sanda suka ɗora wa wanda ba shi da gata? Yin waɗannan tambayoyi ba ya wanke ɗan bindiga daga jinin da ya zubar, kuma ba ya musun cewa ƙiyayyar ƙabila, da zarar ta kama, tana zama gaskiya mai kisa. Yana dai hana a tsaya a suna a bar masu cin riba.

Babban giɓin shi ne harshe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana magana kan talaka, manyan littattafansa duk da Turanci suke, kuma Turancin mai nauyi. Bugun 1981 na littafin Katsina ya yi wuyar samu a kasuwa. Kundin Nadama kan Zamfara ma ya fi zama a ɗakunan karatu na jami'a fiye da hannun Zamfarawa. Sassan tarihi da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tare da cibiyoyin da ke riƙe da takardunsa a Zariya, su ne suka fi cancanta su ɗauki aikin fassara waɗannan littattafai biyu zuwa Hausa, a buga su da araha, a karanta su a gidajen rediyon jiha.